Ranar da Babanku Ya Yi Shuka a Makka

Na san abin da ake faɗi a bayan idona, kuma ban ji haushi ba. Ana cewa kewar gida ce ta ishe ni, na ɗauke babanku daga Makka da tsufansa, na hana shi kabarin da ya yi shekara da shekaru yana roƙon Allah ya ba shi. Ke Babba, 'yar farina da ko a takarda ba zan kama sunanki ba, kin daina faɗa mini da baki, amma ina jin maganar a gaisuwarki ta waya, yadda kike katsewa tun ban gama tambayar yara ba. Kai kuma Usman kana kare ni, sai dai kariyar taka ta fi zargin ciwo, tun da abin da kake cewa shi ne a yi wa tsohuwa uzuri. Ba uzuri nake nema ba. So nake in faɗa muku abin da idona ya gani ranar da muka kai shi gidan dabbobin nan, domin dukanku kun je, amma babu wanda ya ga abin daga farko har ƙarshe sai ni. Idan kun karanta kun gane abin da ya kamata a yi, ku kira ni ku faɗa mini, don ni har yau ban gane ba.

Bari in ɗan koma baya saboda jikoki, waɗanda ba su san ko'ina ba sai Makka. Ni da Malam mun zo aikin hajji da sauran ƙuruciyarmu, daga ƙauyenmu da ke arewa da Daura, da niyyar mu koma kafin damina. Alhazai suka watse, mu muka zauna. Ba mu taɓa samun iƙama ba, wato takardar zama, kuma a haka muka haife ku a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya, wanda in za a shimfiɗa tabarma ta biyu sai an fitar da buta. Malam yana turin keken tsofaffi da gajiyayyu a Harami, ni kuma ina zama bakin hanya ina sayar wa baƙi alkama a ƙulle a leda, su watsa wa tattabaru. Wannan sana'a tawa ta riƙe gidan, amma bai taɓa yafe mata ba. Manomi ne ɗan manomi, ya yi yarintarsa yana kaɗa gwangwani a gona don kada jan-baki su sauka a kan gero. Duk ranar da ya biyo ta wurina ya ga wani Baturke da gemu har ƙirji yana watsa hatsi a ƙasa yana murmushi, sai ya tsaya ya girgiza kai.

"Dije, kin ga duniya," in ji shi. "A gida a kore su, a nan a gayyace su."

"To ai albarkacin gayyatar ka ci tuwo jiya," in ce masa.

Akwai magana ɗaya da bai taɓa canzawa ba. Bayan yawancin salloli a Harami ana kawo gawa, a yi shela, jama'ar da ba ta ƙirguwa ta tsaya a sallace ta. Malam bai taɓa wuce irin wannan salla ba, ko da yana da tsoho a keke sai ya roƙe shi su tsaya. In ya dawo gida ya zauna cire takalmi, sai ya ce:

"Wata rana tawa za a kawo. Dije, kome ya same ni, kada ki bari a fitar da ni daga garin nan."

Ya faɗa a gabana, ya faɗa a gabanku, ba sau ɗaya ba. Babba, ba ki yi masa ƙarya ba. Ni kuma na amsa masa da to, da bakina.

Sai gigin tsufa ya shigo masa a hankali. Da farko buta yake nema tana hannunsa. Daga nan ya fara kiran Usman da sunan ƙanensa Haruna. Sannan Larabcin da ya tara tsawon shekaru ya zube masa kamar gari daga yagaggen buhu, ya bar shi da Hausar ƙauye tsantsa, har da kalmomin da ni kaina na manta da su. Magana ta ragu, ci ya ragu, ya koma zama a lungu yana kallon bango. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne fita. Ki juya ki ɗora tukunya, ya buɗe ƙofa. Wata rana wani mai tasi ɗan unguwarmu ya tsinto shi can unguwar Zahir, ba takalmi, yana tambayar mutane hanyar rijiya. Ku duba fa, mutum ba iƙama, ba ya iya faɗin sunansa. In 'yan sanda suka riga mu ganinsa, tarhil za a kai shi, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa shi jirgi shi kaɗai, mu kuwa muna nan muna zagaya asibitoci muna cigiya.

Da labari ya kai ƙauye, baffanku Haruna ya kira ni.

"Hajiya, ku kawo mini ɗan'uwana," ya ce. "A nan in ya fita, duk wanda ya gan shi ya san ɗan gidan wa ne. In ma ya ɓata, gonar dangi zai faɗa."

Gidan ya rabu biyu. Babba ta zo daga gidanta a unguwar Shisha, ko mayafi ba ta cire ba.

"Wasiyya ce, Ummi. Halas, an gama, babu wata magana."

"Wasiyyar ta ce a tsince shi a bakin titi?" in ji Usman.

Kowa a ɗakin ya san fitar ba ta da dawowa. In muka miƙa kanmu ga hukuma, za a ɗauki yatsunmu, ƙofa ta rufe. Ni zan bi shi, ku ku zauna, ke da mijinki da takardarku, kai da fafutukar neman taka. Wato in na ce a tafi, na karya alkawari kuma na rabu da 'ya'yana. In na ce a zauna, kullum zuciyata tana bakin ƙofa. Na yi istihara har na gaji, ban ga komai a mafarki ba sai tattabaru.

Ana cikin haka Rawan, 'yar Babba, ta dawo daga yawon makaranta da labarin wani wuri a cikin katafaren ginin kasuwa a hanyar fita gari, wai daji ne aka sa a ɗaki. Hausar Rawan ba ta wuce gaisuwa da "ba na so" ba, amma ita da kakanta ba su taɓa rasa abin faɗa wa juna ba. Tana kiransa Sidi kamar yadda 'yan Makka ke kiran kaka, shi kuma yana kiranta Amarya, irin wasan kaka da jika. Ita kaɗai ce bai taɓa ruɗa sunanta ba, wataƙila don shi ya laƙaba mata. Ta nace sai an kai Sidi ya gani. Na ce me zai kalla a dabba, mutumin da ya tashi da akuya a zaure? Babba ta ce fita tana yi wa masu irin ciwonsa amfani. Aka sa ranar Asabar da hantsi, kafin mutane su yi yawa. Na yi masa wanka, na sa masa farar jallabiyarsa ta Juma'a, na miƙa masa sandarsa. Mijin Babba ya sauke mu a ƙofa ya wuce shagonsa.

Har yanzu in na tuna shigarmu sai kaina ya juya. A waje rana tana dukan duwatsu, a cikin kasuwar sanyin na'ura har ƙashi, sai aka ɗaga mana wani labulen roba, wani ɗumi mai laima ya rufe mu, irin na tsakiyar damina in hadari ya haɗu bai sauka ba. Sama gilashi ne. Ƙasa kuwa, bayan 'yar hanyar katako da aka yi wa mutane aka kewaye da igiya, ƙasa ce ta gaske, baƙa, jiƙaƙƙiya. Itatuwa har rufi. Na taɓa ɗaya na ji itace, na taɓa na kusa da shi na ji siminti, daga nan na daina yarda da idona. Kukan kwaɗi yana tashi ta ko'ina, na duba ban ga kwaɗo ko ɗaya ba, sai Usman ya nuna mini wani ɗan akwati a maƙale a reshe, wai daga nan kukan ke fitowa. Na ce to ashe tsuntsayen ma ƙarya ne. Ban rufe baki ba ɗaya ya sakar mini kashi a mayafi.

Abin da na gani a wurin nan, da wani ya ba ni labari da na ce ya sha wani abu. Jemagu, waɗanda yara ke jifa a bishiyar ƙofar gidanmu na ƙauye, an rataye musu gwanda a yanke ana lallashinsu su ci. Biri, ɓarawon masara, yana zaune a bayan gilashi wata baiwar Allah da rigar ma'aikata tana ɓare masa ayaba. Wani ƙaton ƙadangare ya baje a kan dutse an haska masa fitila, Larabawa sun yi layi suna ɗaukarsa hoto. Akwai wata dabba mai gashi da ta rungume reshe ta juye da kai ƙasa, ba ta ko ƙifta ido. Na ce wa Babba ta faɗa musu wannan ta mutu, ta ce a'a, haka take rayuwa. Sai ga aku, toka-toka da jan wutsiya, irin wanda fatake ke kawowa kasuwa daga kudu. Rawan ta karanta allon da ke gabansa ta ce daga ƙasarmu aka kawo shi.

"Ashe ɗan gida ne," na ce. "Ku tambaye shi ko shi ya samu iƙama."

Usman ya yi dariya, Babba ta harare ni ta waiga ko wani ya ji. Malam kuwa yana gefena. Yana riƙe da gefen mayafina kamar yadda ya saba a lokacin, yana jan ƙafa. Bai kalli biri ba, bai kalli aku ba. Amma na lura hancinsa yana buɗewa, yana jan iskar wurin a hankali, yana lumshe ido.

A tsakiyar wurin akwai fili inda ƙananan tsuntsaye koraye ke yawo a sake, ana ba mutane hatsi a ɗan kofin roba su ba su. Rawan ta rugo da kofi biyu, ta miƙa mini ɗaya. Ni da na tsufa ina sayar wa mutane abincin tsuntsu, ga shi yau an sayar mini. Na leƙa ciki ina tsammanin alkama, sai na ga gero. Rawan ta zuba nata a tafin hannu, ta miƙe hannun, ta tsaya ƙyam, nan da nan tsuntsaye suka sauko mata har kafaɗa. Ta juyo tana koya wa kakanta da 'yar Hausarta.

"Sidi, buɗe hannu. Tsaya. Ba motsi. Za su zo."

Bai ko dube ta ba. Ya ɗebi geron yana murzawa tsakanin yatsu, ya kai ƙwaya ɗaya baki ya ɗan ciza.

"Wannan iri ne mai kyau," ya ce. "Wa ya bayar?"

Rabon da in ji ya haɗa magana mai kai da gindi haka, har na manta. Kafin in amsa, fitilun wurin suka dusashe, aka yi wata tsawa, daga akwatin nan na reshe ina ji, sai yayyafi ya fara sauka daga wasu siraran bututu a rufi. Ashe haka suke yi lokaci-lokaci don itatuwan. Mutane suka ɗaga wayoyi suna ihu. Babba ta matsa gaba tana ɗaukar Rawan hoto. Ruwan bai taɓa hanyar katako sosai ba, a kan ƙasar yake sauka, sai ƙamshi ya tashi. Ba zan iya kwatanta muku shi ba, ku da kuka tashi inda ruwan sama yake sauka a kan kwalta ya zama ambaliya. Ƙamshin ruwan farko ne a kan ƙasar noma.

Malam ya saki mayafina. Ya cire takalmansa ya jera su gefe ɗaya, ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, mutumin da sai na tallafe shi yake hawa dakalin ƙofa. Ya durƙusa da farar jallabiyar nan, ya soka yatsa a ƙasa har ya nutse, ya zaro ya duba.

"Ya yi shuka," ya ce. "Dije, ruwan nan ya yi shuka. Ina sungumi?"

Sungumi shi ne doguwar fartanyar da ake saran ramin shuka da ita a tsaye. Da bai gani ba, sai ya juya sandarsa. Ya sara, ya taka, ya sara, ya taka, ramukan a jere kamar an ja zare, tsakanin wata bishiyar ayaba da kututturen siminti. A gida haka ake yi, namiji yana gaba yana sara, na baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ya kai ƙarshen layin ya waigo ya ga babu kowa a bayansa.

"Ke kuma tsaye kike? Biyo ni mana, rana tana yi."

Nan ne wurin da ba ku gani ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na tsallaka. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na san a ɗaki nake, na san tsawar ta akwati ce, na san ruwan na bututu ne, amma kofin yana hannuna, yatsuna suka ɗebi 'yar ƙwaya daidai yadda uwata ta koya mini, na jefa, diddigena ya rufe. Na jefa, ya rufe. Ban tambayi ƙafata ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. A lokacin nan da wani ya tsayar da ni ya ce wace ƙasa kike, da sai na yi tunani kafin in amsa.

Tsuntsaye ne suka ɓata al'amarin. Sun saba duk inda gero yake nasu ne, sai suka bar hannun yara suka sauko bayana suna tonon ramukan. Malam ya juyo ya gan su. Ya cire hularsa yana kaɗawa, ya ɗaga murya irin wadda ban ji ba tun muna amare, yana ihu yana buga sanda a jikin ƙarfen da aka ɗaura igiya. Wurin ya kaure. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suna karo da gilashi, aku yana ƙara, biri yana tsalle, yara suna kuka, Rawan ta tsaya da hannu a miƙe babu ko ɗaya, ta fashe da kuka ita ma. Sai na hango mai gadi yana tahowa da sauri, da kaki, da 'yar wayar nan a kafaɗa.

Akwai doka a gidanmu, kuma Malam ne ya kafa ta tun kuna ƙanana. In ka ga mai kaki, kada ka gudu, kada ka kalle shi, ka sunkuyar da kai ka sulale, kuma kada ka nuna ka san ɗan'uwanka, don in an kama ɗaya kada a kama biyu. Usman, ka bi dokar ubanka, ka shige bayan ganye ka ɓace, ban taɓa zarginka ba. Ni kaina na saki kofin na fara ja da baya. Duk tsawon zamanmu a Makka ban taɓa ganin Malam ya haɗa ido da mai kaki ba, ko da mai gadin banɗaki ne. In ya hango su sai ya rage tsawo, ya kama bango.

Mai gadin matashi ne. Ya tsallako igiyar yana ɗaga hannu yana cewa, "Mamnu, ya haj, mamnu," wato an hana. Takalminsa ya sauka a kan layin. Malam ya miƙe. Ya miƙe sosai, har na ga ashe na manta babanku dogo ne. Ya dube shi cikin ido, ya nuna ƙafar tasa da sanda.

"Kai yaro, ɗan gidan wa ne kai? Ɗage ƙafarka, kana taka mini shuka."

Mutumin bai ji ko kalma ɗaya ba. Amma ya dubi ƙasa, ya dubi tsohon, ya ɗage ƙafar, ya koma baya.

Sauran kun sani. Babba ta iso tana ba da haƙuri da Larabcinta mai santsi, tana nuna kai da yatsa tana cewa ba shi da lafiya, ta riga ta zaro katinta tun ba a tambaya ba don kada a tambayi namu. Ba a tambaya ba. Mai gadin ya ce ba komai, har ya sumbaci kan Malam. Matar nan mai ɓare wa biri ayaba ta kawo tawul. Malam ya ƙi fita sai da ya tsaya a bakin layin ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba da damina mai albarka, sannan ya juya ga mai gadin.

"Ka riƙa leƙawa," ya ce masa. "Kada awaki su shiga."

A mota, jallabiya duk laka, yana ta hira. Yana tambayata mutanen da suka mutu tun kafin a haife ku, wane ya yi shuka, wance ta haihu. Ranar ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Ku kuwa tun a motar kuna gardama a kansa da Larabci don kada ya ji.

"Kin gani ko, Ummi?" in ji Babba. "Ciwo ne ke magana, ba shi ba. Wanda ya yi wasiyya shi ne babanmu."

"Ni yau ne ma na fara ganin babanmu," in ji Usman, wanda bai ga rabin abin ba.

Na yi tsammanin zai manta kafin gari ya waye, kamar yadda yake manta komai. Bai manta ba. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki sanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mu je mu ga ko ta tsiro. In ce gobe. Ya ce ciyawa za ta cinye ta. Na fara kulle ƙofa ina ɓoye makulli a zanina, wata safiya ya jijjiga ta har ya gaji, ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce in riƙe wasiyya, ɗaya ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Sai wata rana da yamma na ga idonsa ya washe, na zauna a gabansa na tambaye shi kai tsaye.

"Malam, gida kake so, ko nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Gida mana."

Ban tashi daga wurin ba aka kira magariba a masallacin unguwa. Ya saurara har aka gama, ya shafa fuska.

"Alhamdu lillahi da Allah ya ajiye mu a garin nan, Dije. Wasu har su mutu ba su gan shi ba."

To ku faɗa mini, wanne zan ɗauka? Maza biyu ne a tabarma ɗaya, kuma duka nawa ne. Ɗaya ya ba ni amana yana cikin hankalinsa, kansa a sunkuye. Ɗaya ba ya cikin hankalinsa, amma na gan shi a tsaye. Ba wani haske da ya sauko mini. Na dai kasa manta yadda ya dubi mai kakin nan, na ce a raina in sauran kwanansa kaɗan ne, gara ya yi su a inda zai ce wa mutum ɗage ƙafarka. Ko akwai tawa kewar a ciki? Na tsallake igiyar nan da ƙafata, ba zan rantse babu ba.

Usman ya tura shi a keke ya yi ɗawafin bankwana, shi da ya tsufa yana tura wasu. Babba ta zo ta sumbaci hannunsa, ni ba ta kalle ni ba. Rawan ba a faɗa mata ba sai da muka tafi. Zaman tarhil ba zan ba ku labarinsa ba, an raba maza da mata, wani dattijo ɗan Damagaram ne ya riƙe mini hannunsa har bakin jirgi, Allah ya saka masa. Da aka danna yatsuna a kan gilashin nan na san na ga Ka'aba gani na ƙarshe, na san kuma ba zan ga auren Rawan ba.

Mun isa ƙauye da bazara. Haruna ya rungume shi yana kuka, shi kuwa ya gaishe shi da ladabi irin na baƙo. Kun san ya rasu da kaka bayan an yi girbi, an binne shi kusa da mahaifinsa, mutanen gari da na ƙauyukan kewaye suka sallace shi a gindin tsamiya. Abin da ban taɓa faɗa muku a waya ba shi ne ranar shuka.

Ruwa ya sauka na gaske, da tsawa ta gaske, gari ya waye kowa ya fita da ƙwarya da sungumi. Wannan karon tsohuwar riga na sa masa. Muka kai shi gonar ubansa, ƙasa tana ta ƙamshi, babu igiya, babu mai gadi. Haruna ya miƙa masa sungumi. Ya juya shi, ya duba, ya mayar masa. Na ce ko nauyi ya yi masa, sai na ɗebo iri daga ƙwarya na zuba masa a hannu.

"Malam, ga shi ruwa ya yi shuka. Haruna zai sara, mu biyo shi."

Ya daɗe yana kallon geron. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, ya miƙe hannun gaba, ya tsaya ƙyam.

"Malam, me kake yi?"

"Yi shiru, za ki kore su," ya ce a hankali. "Amarya ta ce in ba motsi za su zo. Ina take ne? A kira ta ta gani. In sun ci sai mu koma gida, kada azahar ta wuce mu a Harami."

Haruna ya dube ni. Na ga hannun ya fara sauka, sai na matsa na tallafe masa gwiwar hannu. Muka daɗe a haka a tsakiyar gonar, mutane suna shuka hagu da dama, ni da babanku muna jiran tsuntsaye.